TARIHIN BITAR WASA: DAGA DARAR BARNO ZUWA KARTAR INTANET



Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon dara ya san cewa wasan ba ya ƙarewa da cin ɗan ƙarshe. Nan take 'yan kallo za su mayar da 'ya'yan dara gurabensu, a nuna wa wanda aka cinye inda ya yi sake. Wannan ɗabi'a ta komawa kan wasa don gano rauni tana da dogon tarihi, kuma Barno na da nata kaso a ciki.

Kafin karta ta cika gari, manyan Barno suna da wasan da ake kira tsatsarandi, wanda asalinsa shaɗaranjin Larabawa ne. Wani Bature mai binciken al'adu, C. K. Meek, ya yi rubutu a kansa a shekarar 1934, inda ya nuna cewa 'ya'yan wasan na ɗauke da sunayen sarauta irin su Mai da Ciroma da Kaigama. Sai dai wasannin da gwanayen suka buga ba a rubuce suke ba, suna cikin kawunansu ne, kamar yadda darar mu take har yau. Gwani ya rasu, dabararsa ta bi shi.

A Bagadaza kuwa alƙalami aka sa. Tun ƙarni na 9 Al-Adli ya rubuta littafi kan shaɗaranji, bayansa As-Suli ya zo a ƙarni na 10 ya bi aikin nasa yana gyara kurakurai. Suna zana yadda 'ya'yan wasa suka tsaya a wuri mai wuya, su bar wa ɗalibi ya nemo mafita. Shekara dubu bayan haka, Mikhail Botvinnik na Tarayyar Sobiyat, wanda ya zama zakaran duniya a 1948, ya mayar da wannan ya zama tsarin koyo: ka rubuta wasanka, ka zauna ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, sannan ka fitar da sharhinka fili don wasu su soke ka. Daga makarantarsa Garry Kasparov ya fito.

Wasan kartar foka na Amurkawa ya daɗe bai samu irin wannan ba, domin kowa ɓoye katinsa yake yi, in an watse sai abin da mutum ya tuna. Shi kuwa tunani mai son kai ne: ya riƙe ranar sa'a, ya jefar da ranar asara. Abin ya sauya ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da wasan ya koma intanet. Kwamfuta ta riƙa ajiye kowane zagaye: katin da aka raba maka, kuɗin da ka zuba, inda ka janye. Masu wasa suka fara tara dubban zagaye suna dubawa, sai ga raunin da ba su taɓa sanin suna da shi ba. Wani ya ga yana shiga wasa da kati maras ƙarfi, wani ya ga duk lokacin da aka cinye shi zuciya ke ɗibarsa ya ninka kuɗi. Suka kuma gane cewa cin zagaye ɗaya ba shaidar iyawa ba ce, kamar yadda faɗuwa ɗaya ba ta nuna kuskure. Shawarar da ka yanke ake aunawa, ba sakamakon rana guda ba.

A watan Janairun 2017 an kai abin ƙarshe. Wata manhaja mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta kara da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh har kwana 20, zagaye 120,000. Kullum da dare mutanen na haɗuwa su nemo inda take da rauni, ita ma ta kwana tana bitar wasan ranar tana toshe ƙofar da suka gano. Ta cinye su duka.

Ba mun kawo wannan don tallata caca ba ne. Addininmu ya haramta ta, Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya. Mun kawo ne domin yau cacar ƙwallo ta shigo aljihun yaranmu ta waya, a nan Dala da sauran unguwanni, kuma kowane yaro labarin ranar da ya ci yake bayarwa. To ita ma wayar tana ajiye lissafi. Duk mai ganin yana gaba, ya buɗe tarihin abin da ya zuba da abin da ya karɓa na wata shida, ya haɗa da biro a gaban wani babba. Kamfanin ya riga ya cire ribarsa tun wajen tsara farashin kowane wasa, shi ya sa yawanci in aka haɗa sai a tarar dara ta ci gida.

Abin ɗauka shi ne ɗabi'ar kanta. Ɗan kasuwa ya duba littafin bashinsa, mai Keke Napep ya rubuta shiga da fitarsa, ɗalibi ya koma kan tambayoyin da ya faɗi. Gwanayen darar mu da suka rage kuma, lokaci ya yi da matasa za su zauna da su, su ɗauki wasanninsu a waya ko a takarda, kada su bi sawun tsatsarandi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ƙara wa Barno zaman lafiya. Amin.

Daga Sakataren Ƙungiya