Tarihin Binciken Ƙwan Saniya da Tunkiya

Makiyayin da ke kora garke tsakanin Maiyama da fadamar Jega bai taɓa ganin ƙwan saniya ba, amma ya san halinsa. Ya san karsanar da ta sha yunwar bazara ba ta neman sa sai ciyawa ta fito ta murmure, ya san saniyar da ba ta ɗauka ba za ta sake nema bayan kamar kwana 21, tunkiya kuwa bayan 17. Abin da ke juya wannan lissafi yana cikin gidan ƙwai, wasu 'yan tsoka biyu da ke gefen mahaifa, kuma masana sun kwashe fiye da shekara 300 suna bin diddiginsa.

A 1672 wani likitan ƙasar Holan, Regnier de Graaf, ya bayyana 'yan ƙululun ruwa da ke tasowa a jikin gidan ƙwai, ya ɗauka su ne ƙwan. Ashe jaka ce kawai. Sai a 1827 Karl Ernst von Baer ya fasa irin wannan jaka daga jikin wata karya, ya duba da madubin ƙara girma, ya ga ƙwan kansa: ɗigo wanda bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba sai da kaɗan.

Tambayar da ta biyo baya ita ce, wa ke ba shi umarni ya nuna? A shekarun 1920 Philip Smith a Amurka ya cire wa ɓeraye wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, sai gidan ƙwansu ya ƙanƙance. Da ya dasa musu wani, ya farfaɗo. A 1931 Fevold da Hisaw suka raba saƙon ƙullin gida biyu: FSH mai sa jaka ta girma, da LH mai sa ta fashe ta saki ƙwai. A 1971 aka gano GnRH, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa fituwitari, aikin da ya kai Schally da Guillemin ga kyautar Nobel a 1977. Da wannan aka yi zaton magana ta ƙare: ƙwaƙwalwa sarki, fituwitari hakimi, ƙwai kuwa talaka mai jiran umarni.

Sai dai akwai wani abu da ya ƙi shiga wannan tsari. Maraƙa tana zuwa duniya da ƙwai fiye da dubu 100 a jikinta, dukkansu sun fara rabuwar da za ta kai su nuna tun tana ciki, sannan suka tsaya cak. Wani zai yi shekara goma a haka. A 1935 Gregory Pincus da Enzmann suka fitar da ƙwan zomo daga jakarsa, sai suka ga ya ci gaba da nuna da kansa, ba wanda ya ce masa tashi. Wato jakar ce ke riƙe da linzaminsa. Robert Edwards ya ga haka a ƙwan ɗan Adam a 1965, ya auna cewa nunar tana ɗaukar kusan awa 36, kuma wannan awo yana cikin tubalan da suka kai ga haihuwar Louise Brown, jaririyar farko da aka haɗa ƙwanta a ɗakin bincike, a Ingila a 1978. Linzamin kansa ba a kama shi sosai ba sai a 2009, lokacin da masu bincike suka nuna cewa ƙwayoyin da ke kewaye da ƙwai suna zuba masa wani sinadari, cGMP, ta wasu 'yan ƙofofi da suka haɗa su. Idan LH ya iso da ƙarfinsa sai zubin ya yanke, ƙwai ya kama hanya.

Babin da ya fi daɗi a tarihin nan tumaki ne suka buɗe shi, kuma nan ne ya kamata mai kiwo ya kasa kunne. A Niyu Zilan an lura da wani dangin tumaki, Inverdale, masu yawan haifar tagwaye, amma wasu 'ya'yansu mata sukan fito juya, gidan ƙwansu kamar zare. A 2000 aka gano dalili: canji ne a ƙwayar gado mai suna BMP15. Tunkiyar da ta gaji canjin daga gefe ɗaya tana sakin ƙwai fiye da 'yan'uwanta, wadda ta gaje shi daga uwa da uba kuwa ba ta haihuwa sam. Shekara huɗu kafin nan, a 1996, an riga an ga cewa ɓerar da aka kashe wa wata ƙwayar gado, GDF9, jakunkunanta ba sa wuce matakin farko. Abin mamakin shi ne, waɗannan sinadarai biyu ƙwan ne da kansa yake fitar da su. Shi ke gaya wa ƙwayoyin da ke renonsa yadda za su yawaita da yadda za su amsa kiran FSH. A 2001 aka samu irin wannan a tumakin Booroola na Ostireliya, wannan karon a BMPR1B, kunnen da ke karɓar saƙon, kuma an bi asalinsa har zuwa ƙananan tumakin Garole na yankin Bengal. Talakan nan ashe yana da baki a fada.

A ƙasar Hausa wannan ilimi ya fi shigowa ta ƙofar kiwo. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana aikin barbarar allura, aikin da ba ya yiwuwa sai an san cewa saniya tana sakin ƙwai ne bayan zafin nema ya lafa. Ilimin ya kuma gaskata makiyayi: yunwa tana rage bugun GnRH, LH ya yi rauni, jaka ta kasa fashewa. Jakar saniya tana ɗaukar watanni daga farkawa zuwa nuna, don haka ƙwan da za a saki a farkon damina ya yi girmansa ne a tsakiyar bazara. Harawa da dusa da 'ya'yan gawo da aka ba karsana a lokacin zafi, a cikin wannan ƙwai suke shiga.

Jar akuyar Sakkwato, wadda ta cika gidajen Aliero da Jega, an san ta da tagwaye, kuma a ganina ta cancanci irin kulawar da aka ba tumakin Inverdale. Kayan aikin ma ba su da nisa. An haifi maraƙin farko da aka haɗa ƙwansa a ɗakin bincike a Amurka a 1981, kuma yau ɗakunan bincike da yawa daga mayanka suke karɓo gidan ƙwan shanu, su zuƙe ƙwan da sirinji. Aliero tana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, Jega tana kusa da ita, mahauta kuma kullum da safe suna feɗe shanu da awaki.