Tarihin Binciken Homon da Zumunci

Homon sinadari ne da wani sashe na jiki ke sakewa cikin jini, jini ya ɗauke shi zuwa wani sashe mai nisa, can ya yi aikinsa. Ilimin da ke bin diddigin yadda waɗannan sinadarai ke juya ɗabi'a, da yadda zama da jama'a shi ma ke juya su, ya taso ne daga wurare uku da suka daɗe ba su san da juna ba: ɗakunan gwaji na masana aikin jiki, da gidajen renon marayu, da kundin masu ƙidayar mace-mace.

Makiyaya sun riga masana. Duk inda ake kiwo an san bunsuru in an dandaƙe shi ya zama taure, wari ya tafi, faɗa ya ragu, sai ƙiba. Abin da ya ɓoyu shi ne hanyar da maraina ke bi su isa ga hali. A 1849 Arnold Berthold, wani malami a jami'ar Gotingen ta Jamus, ya fiɗiye 'yan zakaru, ya ga zankonsu ya ƙi girma, sun daina cara, ba ruwansu da kaji. Waɗanda ya mayar wa ƙwayar maraina cikin ciki kuwa suka tashi zakaru sosai. Da ya fede su sai ya tarar ƙwayar ta kama hanyar jini amma ba ta haɗu da jijiyar saƙo ba, wato ta jini abin ke tafiya. Aikin ya kwanta shekaru ba wanda ya waiwaye shi. Wanda ya ja hankalin duniya shi ne Charles Brown-Séquard, wanda a 1889, yana da shekara 72, ya shaida wa taron masana a Faris cewa ya yi wa kansa allurar ruwan marainan kare da na ɓeran Masar, kuma ƙuruciya ta dawo masa. Yarda ce kawai ta yi masa aiki, domin sinadarin da ke cikin ruwan bai taka kara ya karya ba, amma 'yan kasuwa sun ci riba da zancen.

Ginshiƙi na gaskiya ya kafu a Landan. A 1902 William Bayliss da Ernest Starling suka gano sinadarin da hanji ke aikawa ta jini, a 1905 Starling ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai sunan homon. Shekara guda bayan haka Henry Dale ya lura cewa ruwan da aka tatso daga fituwitari, ɗan ƙullutun nama da ke rataye a ƙasan ƙwaƙwalwa, yana sa mahaifar kyanwa ta matse. A 1910 aka ga ruwan yana kuma sakin nono. Wannan shi ne oksitosin, wanda Vincent du Vigneaud na jami'ar Cornell ya warware tsarinsa ya kuma haɗa shi a ɗakin gwaji a 1953, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1955. Tubalansa tara ne kacal, kuma biyu daga ciki ne suka raba shi da ɗan'uwansa basofiresin, mai tsimin ruwa a ƙoda. A wancan lokaci ba wanda ke ambaton ɗayansu in ana maganar ƙauna: oksitosin na ɗakin haihuwa ne, basofiresin na fitsari. A gefe guda Walter Cannon a Harvard ya bayyana rawar adiranalin a lokacin tsoro da fushi, Hans Selye kuma a Montiriyal ta Kanada ya nuna a 1936 cewa wahala kowace iri in ta dore takan bar wa ɓera tabo iri ɗaya, har da gyambon ciki.

Masu kula da yara ba su jira masana sinadarai ba. A 1945 René Spitz ya ba da rahoton jarirai a gidan reno mai tsabta da isasshen abinci, amma ba mai goya su ko rarrashi, suna ramewa suna mutuwa. John Bowlby ya tattara irin wannan shaida cikin rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951. Ra'ayin da ke tashe a lokacin shi ne jariri na son uwa ne don nono, Harry Harlow na jami'ar Wisconsin ya karya shi a 1958. Ya raba 'ya'yan birai da iyayensu ya ajiye musu uwayen bogi biyu, ɗaya ta waya mai ɗauke da bulumboti, ɗaya an naɗe ta da tattausan ƙyalle ba ta da ko ɗigon madara. Ɗan biri kan je ga ta waya ya sha, ya koma ya ƙanƙame ta ƙyalle ya wuni a jikinta, in an tsorata shi ma wurinta yake rugawa. Gwaje-gwajen da Harlow ya yi daga baya, inda ya kulle birai su kaɗai tsawon watanni, rashin imaninsu ya kai har abokan aikinsa sun yi tir.

Hanyoyin biyu sun haɗu a 1979, lokacin da Cort Pedersen da Arthur Prange a jihar Karolina ta Arewa suka zuba oksitosin cikin ƙwaƙwalwar ɓerayen da ba su taɓa haihuwa ba. Macen ɓeran da a da ke gudun jariran wata sai ga ta tana kwaso su, tana lasa, tana kwanciya a kansu. A Ingila Keith Kendrick da Barry Keverne suka ga makamancin haka a tumaki cikin shekarun 1980. Tunkiya takan haddace warin ɗanta cikin 'yan sa'o'i bayan haihuwa, daga nan duk baƙon da ya kawo baki ga hantsarta sai tunkuyi. Shi ya sa makiyayan Birtaniya kan feɗe fatar ɗan da ya mutu su yafa wa maraya don uwar ta karɓe shi.

Dabbar da ta fi yin suna a wannan fage wani ɗan ɓeran jeji ne na tsakiyar ƙasar Amurka. A shekarun 1970 Lowell Getz na jami'ar Illinois ya lura tarkonsa na yawan kama namiji da mace tare, kuma su ɗin dai ake sake kamawa bayan makonni. Shi da Sue Carter suka tabbatar cewa wannan nau'i na zaman aure: gida ɗaya, reno tare, namiji na korar baƙo. Danginsa na kan duwatsu kuwa daga barbara kowa ya kama gabansa. A 1992 Thomas Insel ya nuna bambancin ba a yawan oksitosin yake ba, yana ga inda makarɓansa suke a ƙwaƙwalwa. A masu zaman aure makarɓan sun taru ne a sassan da ke haifar da jin daɗi, waɗanda miyagun ƙwayoyi ma ke taɓawa. A 2004 ɗakin gwajin Larry Young a jami'ar Emory ya ƙara makarɓan basofiresin a ƙwaƙwalwar mazan wani nau'i marar zaman aure, suka koma manne wa mace guda.

An kuma gane cewa zumunci shi ma yana juya homon. Michael Meaney a Montiriyal ya nuna cewa 'ya'yan ɓera da uwa ta yawaita lasa sukan girma da sanyin martani ga firgita, a 2004 kuma aka ga lasar tana barin alama a kan ƙwayar gadon da ke saita homon na damuwa. Robert Sapolsky, wanda ya fara bin gwaggon birai a Kenya a 1978, ya tarar matsayin namiji a garke yana bayyana a kotisol ɗin jininsa, wato homon na damuwa. Binciken da aka yi a Sebu ta Filifin ya nuna a 2011 cewa testostiron, homon na maraina, yakan sauka a jikin samari bayan sun zama iyaye, musamman masu ɗawainiya da jariri.

Game da lafiyar ɗan Adam, shaida mafi nauyi ta fito ne daga ƙidaya. Lisa Berkman da Leonard Syme sun bi mutane kusan 7,000 a gundumar Alameda ta Kalifoniya tsawon shekara tara, suka bayyana a 1979 cewa marasa aure, abokai, ko ƙungiya sun mutu fiye da ninki biyu na masu jama'a, ko da an cire tasirin taba da talauci. A 1997 Sheldon Cohen ya ɗiga wa mutane 276 ƙwayar cutar mura a hanci da yardarsu, masu hulɗa iri-iri suka fi tsira. A 2010 Julianne Holt-Lunstad ta haɗa bincike 148 da suka shafi mutane sama da 300,000, ta sami cewa masu ƙarfin zumunci sun fi damar ci gaba da rayuwa da kashi 50 cikin ɗari. Romaniya ta ba da shaida mai ɗaci: bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Ceaușescu, a 1989 aka tarar da gidajen marayu maƙare. A wani bincike da aka fara a Bukares a 2000 da yara 136, waɗanda aka mayar hannun iyayen riƙo, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari kaifin fahimta da shaƙuwa.

Inda aka yi gaggawa shi ne wajen shaƙa wa mutane oksitosin. A 2005 wasu masana a Zurik ta Suwizalan suka ce fesa shi a hanci na ƙara yarda da baƙo a wasan kuɗi. Jaridu suka laƙaba masa sinadarin soyayya, har aka fara sayar da shi a kwalba. Murnar ba ta daɗe ba. A 2010 Carsten De Dreu a Holan ya ga yana ƙara son na gida ne tare da shirin kare kai daga bare. Da aka maimaita gwajin Zurik da mutane masu yawa a 2020, sakamakon bai fito ba. Babban gwajin da aka yi wa yara masu lalurar otizim a Amurka a 2021 bai nuna wani amfani ba. A 2023 ma aka samar da ɓerayen nan masu zaman aure ba tare da makarɓan oksitosin ba, suka kama abokan zama suka yi reno, sai dai nonon uwayen ya yi ƙaranci. Amfanin oksitosin da ba a jayayya a kai har yau yana ɗakin haihuwa, inda ake ba da shi don ƙarfafa naƙuda da tsayar da zubar jini bayan haihuwa.

Hukumomi sun fi ɗaukar darasin masu ƙidaya. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, a ƙarshen 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan hulɗar jama'a da lafiya.