Yadda JUnit ya daina buɗe wa kowa ƙofar baya

Ko kana Basirka ko Birnin Kudu, manhajar da kake tura kuɗi da ita a waya ba haka kawai ta faɗo ba. Kafin ta iso hannunka, sai wata manhaja ta harhaɗa dubban fayilolin da aka rubuta su zama abu guda. Mu kira ta magini. Sannan wata ta daban ta gwada ko kowane sashe yana aikinsa. To, in magini bai san yadda zai kira mai gwaji ba fa? Sai gwajin ya koma aikin hannu, mutum kuwa yana mantuwa, kuskuren ya wuce har cikin wayarka.

Tsohon magini shi ne Make, wanda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs ta Amurka a 1976. Masu rubutu da harshen Java sun samu nasu daga baya: Ant a 2000, Maven a 2004, sai Gradle, wanda Google ya zaɓa a 2013 don gina manhajojin Android. Mai gwajin da ya fi shahara a wajensu shi ne JUnit, da Kent Beck da Erich Gamma suka fara a 1997 a cikin jirgin sama.

Nan matsalar ta taso. JUnit bai tanadi cikakkiyar hanyar da baƙo zai bi ya yi magana da shi ba, don haka kowa ya riƙa leƙa cikinsa yana dogara da sassan da ba don shi aka yi su ba. Har ta kai, lokacin shirya siga ta 4.12, sauya sunan wani ɓoyayyen sashe kawai ya rikita wata manhajar da ke jingine da shi. Ka ga mai gida ya kasa gyara ɗakinsa saboda maƙwabta sun ɗora jinkarsu a bangon.

A 2015 masu kula da JUnit suka nemi gudummawar jama'a ta intanet don sake gini. JUnit 5 ya fito a Satumban 2017 da wani sashe na musamman, JUnit Platform, wato ƙofa ɗaya tak da kowane magini zai bi. Cikin 2018, Gradle 4.6 da Ant 1.10.3 da Surefire 2.22.0 na Maven duk sun shigo ta nan.

Kamar cajar waya ce: in bakin ya zama iri ɗaya, sabon kamfani ba sai ya farke wayarka ba. Idan kana rubuta manhajar gwaji, gina wannan ƙofar tun kafin magini na biyu ya yi sallama.