Akwatin Kawu: Tarihin Amfilifayar Jita da Abin da Ya Koya Mini

Gabatarwa

A ɗakin marigayi kawuna da ke Kanya, cikin ƙasar Zuru, akwai wani baƙin akwati da muka tashi muna gani a ƙarƙashin gado. Kawu tsohon soja ne, kuma wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasarmu, inda da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wanda ya taɓa sa kaki ba. Da ya bar aiki ya dawo da abubuwa biyu da garin bai saba da su ba: jita mai aiki da lantarki, da wannan akwati da ke ɗaga mata murya, wanda ake kira amfilifaya. Ina yaro nakan ji shi yana kaɗawa da daddare idan an sami man janareta. Sautin mai kauri ne, yana da ɗan gurnani kamar muryar dattijon da bai daɗe da farkawa ba.

Bayan rasuwarsa 'ya'yansa biyu suka gaji jitar, amma akwatin ya daina magana. Da na kammala digiri na dawo gida, suka haɗa kuɗin dawar da suka noma suka damƙa mini, suka ce: "Yaya, kai ne ka yi boko, ka zaɓo mana wanda zai yi muryar na Baba." Gumin shekara guda ne a hannuna, don haka na tsaya bincike. A nan na ci karo da amfilifayoyin ƙirar hannu, waɗanda masu kiɗan jaz da buluz na ƙasashen waje ke rububi, har farashin wasunsu ya zarce na gona da gidan da ke cikinta. Na tambayi kaina: me ke cikin akwatin katako da ya kai shi wannan daraja? Amsar tana cikin tarihi, kuma shi ne abin da wannan maƙala za ta bi.

Yadda akwatin yake aiki

A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kansa, sai 'yar wutar lantarki ta taso a cikin wayar, mai rauni ƙwarai. Aikin amfilifaya shi ne ta karɓi wannan 'yar wuta ta ƙarfafa ta har ta iya girgiza lasifika. Abin da ya fara ba da damar yin haka shi ne bawul, wata 'yar kwalbar gilashi da aka zuƙe wa iska, wadda Lee de Forest ya ƙirƙiro samfurinta a Amurka a 1906. Irinta ce ke cikin tsofaffin rediyoyin da sai sun yi zafi kafin su yi magana. A 1947 aka ƙirƙiro taransista, wadda ta fi bawul ƙanƙanta da araha da jure wahala.

Bambancin biyun yana fitowa ne idan aka matsa musu. Bawul idan ya kai iyakarsa yakan dusashe a hankali, sautin ya yi kauri da gurnani. Taransista kuwa takan riƙe sauti garau har zuwa iyakarta, daga nan ta fashe da kaushi. Kusan duk gardamar da ake yi kan zaɓen amfilifaya daga nan ta samo asali.

Neman a ji murya

A manyan ƙungiyoyin jaz na Amurka a shekarun 1920, jita baiwa ce a gidan sarauta: tana aiki, ba a jin ta. Ƙahonni da ganguna sun danne ta. A farkon shekarun 1930 George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fitar da jitar lantarki ta farko da ta shiga kasuwa, sannan a 1936 kamfanin Gibson ya fito da jitar ES-150 tare da amfilifayarta. Wani saurayi baƙar fata da ya tashi a Oklahoma, Charlie Christian, ya ɗauki wannan jita ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939. Shi ya nuna wa duniya cewa jita za ta iya jan baki kamar ƙaho, ta faɗi zance ɗaya bayan ɗaya a fili. Tarin fuka ya kashe shi a 1942 yana da shekara 25, kusan shekarun da nake da su a yau. Abin da ya bar wa masu jaz shi ne son sauti mai tsabta da ɗumi, wanda kowace tsirkiya ke fita daban ko da an haɗa shida a bugu ɗaya.

Buluz kuwa ta wata ƙofa ya shigo. Muddy Waters ɗan ƙodago ne a gonakin auduga na Misisifi, inda jitar katako ta ishe shi a farfajiyar gida. Da ya koma birnin Shikago a 1943, hayaniyar gidajen rawa ta haɗiye shi, dole ya koma ga lantarki. Amfilifayoyin lokacin ƙanana ne, don haka makaɗa suka riƙa murɗa su har ƙarshe domin a ji su, bawul kuma ya riƙa dusashewa. Maƙera sun ɗauki wannan dusashewa a matsayin aibi, amma masu sauraro suka ji kukan ɗan Adam a cikinta. A 1951 aka ɗauki waƙar "Rocket 88" a Memfis da amfilifayar da lasifikarta ta lalace a hanya, aka cusa mata takarda, kuma wannan gurɓataccen sauti yana cikin abin da ya sa ake tuna waƙar har yau. Ashe abin da attajirai ke saye da tsada yanzu, rashi da tsautsayi ne suka haife shi.

Masu gyara da suka zama maƙera

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan tarihi shi ne irin mutanen da suka gina shi. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, kuma bai iya kaɗa jita ba. Makaɗa ke kawo masa kayansu da suka lalace, yana gyarawa yana sauraron ƙorafinsu, har ya kafa kamfaninsa a 1946. Amfilifayarsa mai suna Bassman, wadda ya yi don jitar da ke ba da ƙasan sauti, ita masu buluz suka ƙwace, musamman ƙirar 1959 mai lasifika huɗu. A Landan, Jim Marshall makaɗin ganga ne mai shagon kayan kiɗa. A 1962 shi da masu gyaran shagonsa suka kwaikwayi tsarin Bassman da kayan da ake samu a Ingila, sai sautin ya fito daban, ya zama wani sabon gida.

Da manyan kamfanoni suka koma ƙera kaya dubbai a masana'anta, wasu makaɗa suka ji an rasa wani abu. Daga nan ƙirar hannu ta taso. A ƙarshen shekarun 1960 Randall Smith, shi ma mai gyara, ya ɗauki ƙaramar Fender Princeton ya cusa mata ƙarfin da ya ninka nata sau da yawa, abin da ya zama tushen kamfanin Mesa/Boogie. Alexander Dumble, wanda ya rasu a 2022, bai ƙera fiye da 'yan ɗaruruwa ba a duk rayuwarsa, domin yakan saurari makaɗi tukuna ya daidaita akwatin da hannunsa, kamar yadda tela ke auna mutum kafin ya yanka yadi. Robben Ford da Larry Carlton suna cikin waɗanda suka yi amfani da nasa. A yau ana sayar da ɗaya a kan dala dubu hamsin ko fiye. Sai dai wanda ya saya, rigar da aka ɗinka wa wani ya saya.

Bai kamata kuma a ɗauka bawul ne kaɗai hanyar kyakkyawan sauti ba. Joe Pass, ɗaya daga cikin gwanayen jaz, ya daɗe yana amfani da Polytone mai taransista. Roland JC-120 da aka fitar a Japan a 1975 ta yi suna ne saboda tsabtar sautinta. B.B. King kansa, wanda ake kira sarkin buluz, ya yi shekaru da Lab Series L5, ita ma mai taransista, kuma babu wanda ya taɓa kasa gane shi daga bugu ɗaya.

Da sautin ya dawo gida

Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa "Africa and the Blues" na 1999, ya kawo hujjar cewa wasu siffofin buluz, kamar lanƙwasa murya da kiɗan mutum ɗaya da tsirkiyarsa, sun fi kama da kiɗan yankinmu na Sudan ta Yamma da ta Tsakiya fiye da na bakin teku. Masana na muhawara a kan nisan wannan dangantaka, amma wanda ya tashi da goge da garaya da molo a kunnensa ba zai ji buluz a matsayin baƙo ba. Ali Farka Touré na ƙasar Mali, wanda faifansa da Ry Cooder na 1994 ya ci lambar Grammy, ya sha nuna cewa abin da yake kaɗawa kiɗan gida ne.

A arewa da mu, samarin Abzinawa da fari da rikici suka kora zuwa Aljeriya da Libiya suka ɗauki jita a ƙarshen shekarun 1970, daga cikinsu ƙungiyar Tinariwen ta fito. Agadas ta zama cibiyar wannan kiɗa a Nijar, inda ake kaɗa shi a gidajen biki da ƙananan amfilifayoyi, bisa batir ko janareta, cikin ƙura da zafi. A nan Bombino ya goge. Mdou Moctar kuwa da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, "Anar", a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bi wayoyin hannu daga kati zuwa kati har suka tsallaka teku. Babu ɗayansu da ya jira akwatin Dumble kafin duniya ta saurare shi.

Zaɓin da na yi

Da wannan tarihi na koma kan kuɗin dawa. Na fahimci abubuwa uku. Na farko, yawan wat ba shi ne daɗin sauti ba. Fender Champ mai wat 5 tana gurnani tun a ɗaki, Deluxe Reverb mai wat 22 ta isa ƙaramin taro, Twin Reverb mai wat 85 kuwa tana nan garau har kunne ya gaji, shi ya sa mai jaz ke son babba, mai buluz ke son ƙarama. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Na biyu, bawul yana aiki da ɗaruruwan bolt, yana son wuta mai tsayuwa, yana kuma ƙonewa. Masana'antun da suka rage suna yin sa kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin, har ya yi ƙaranci a duniya a 2022 lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke. A garin da wuta ke zuwa kamar baƙo, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Na uku, akwatin da ba mai gyara shi a kusa, kabari ka saya masa.

Saboda haka na saya wa ƙannena ƙaramar amfilifaya mai taransista da ke aiki da batir, wadda farantin hasken rana zai iya cikawa. Ragowar kuɗin na ɗauki akwatin Kawu na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwar Zuru. Ya buɗe bayansa, ya hura ƙura, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Yaro, rabona da ganin bawul tun kafin a haife ka." Wata biyu ya yi yana neman na maye a cikin matattun rediyoyi. Ranar da akwatin ya yi magana, ƙanena ya kaɗa, muka saurara. Gurnanin yana nan, amma ba muryar Kawu ba ce. Ta ƙanena ce. A lokacin na gane abin da suka aike ni nema ba ya cikin kowane shago.

Kammalawa

Tarihin amfilifaya tarihin makaɗi ne da ke son a ji shi, da mai gyara da ya yarda ya saurare shi. Dukansu biyun muna da su. Abin da ya rage shi ne su zauna wuri ɗaya. Maganaɗisun jita ƙarfe kaɗai yake ji, ba ya jin izgar doki ta goge, don haka kayan kiɗanmu sukan ƙare a gaban makirufo mai arha da lasifikar talla da ke mayar da su ƙara, yayin da fiyano ke maye gurbinsu a ɗakunan ɗaukar waƙa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, shaida ce cewa ba sautin ne ya gaza ba. A rumfunan gyaran rediyo da waya na Zuru da Sakkwato da Kano akwai hannayen da ba su gaza na Leo Fender ba lokacin da ya fara. Idan ɗayansu ya zauna da mai garaya, ya saurare shi, ya ƙera masa akwati daidai da muryarsa, to mu ma mun shiga wannan tarihi da ƙafarmu. Dattijon kasuwar Zuru ya ce in kawo masa mai molo bayan kaka, kuma na yi masa alkawari.