Masu Ƙirga Haƙora a Magazin

Baƙo kan ɗauka sunan Magazin yana da alaƙa da mujalla. Ma'ajiyar makaman Turawan mulki ce ta ba wurin suna, domin a kusa da ita maƙera da masu gyaran mota na Kumasi suka fara kafa rumfunansu. Da gari ya cika aka matsar da su Suame, bakin hanyar arewa, suka tafi da sunan. Mu 'yan Zango, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, ta ƙofar goro muka shiga sana'ar. Kakanninmu fatake ne. Da lori ta karɓi aikin jaki a hanyar Mampong, Atebubu, Yeji da Salaga, sai ɗan falke ya zama direba, ƙanensa yaron mota, ƙaraminsu kuma aka damƙa shi hannun wani masta ya koyi aikin fita, wato kanikanci.

Abin da masta ke fara koya wa yaro a kan aksil shi ne ƙirga. Za a zare farfela, a kwance tukunyar aksil, a wanke da kananzir, a miƙa masa alli. Ya ɗiga wa haƙori ɗaya alama, ya zagaya babban faifan da yatsa, sannan ya ƙirga na ƙaramin finiyo. A tsohuwar Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, zai samu 47 da 10: sai farfela ta juya sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya. Shi ya sa take hawa tudun Mampong da kaya niƙi-niƙi ba ta nishi, shi ya sa kuma in ta hau kwalta take ihu kamar ana yanka ta alhali gudun bai taka kara ya karya ba.

Range Rover ta fito a 1970 da haƙora 46 da 13, wato 3.54, kuma tukunyarta tana zama daram a gidan ta Land Rover. Duk wanda ya samu ta wata da ta yi hatsari ya samu abin nema. Juyin inji yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kunne ya huta, mai ya ɗan yi auki a doguwar tafiya. Sai dai injin Land Rover mai lita biyu da kwata ba shi da rarar ƙarfi. Mai zirga-zirgar Tamale ba kaya ya ji daɗi, mai shiga ƙauyukan koko na wajen Goaso da damina yakan dawo kuloci na ƙauri, yana cewa, "Masta, mayar mini da haƙorana." Ni dai ban taɓa ganin canjin nan ya yi wa mai ɗaukar kaya rana ba.

Shekarun da suka mayar da mu gwanayen haɗe-haɗe su ne ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1980, lokacin da kuɗin waje ya ƙafe, sabon kayan gyara ya zama sai labari. Matacciyar mota ba ta mutuwa duka: a ciro giyabos nan, aksil can, a ba mai injin sassaƙa ya yi musu mahaɗi. A 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar ITTU cikin Suame, inda kanikawa suka samu injinan yanka ƙarfe da horo. Bayan 1983, da gwamnatin Rawlings ta saki kasuwa, tsofaffin kayan Turai da Japan suka fara malalowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema, Land Cruiser da Patrol da Pajero suka ture Land Rover gefe.

A kansu ne aka fi yin ɓarna, saboda son manyan tayoyi. Mutum ya ɗora wa Land Cruiser mai injin 1HZ taya mai tsayi don ado, sai ya ga giya ta biyar ta zama ta banza, allon gudu yana ƙarya, hayaƙi baƙi ƙirin a kowane hawa. Doguwar taya tana cin ƙarfi ne daidai yadda rage haƙoran faifai ke ci. Maganinsa a sauka daga 4.1 zuwa 4.56 ko 4.88, kuma gaba da baya tare. Mai son rahusa yakan ce a canja na baya kawai. In ya sa fowil a ƙasa mai tauri, tayoyin gaba da na baya kowanne na son gudunsa, sai wani abu ya ba da kai: ko haƙori, ko sandar aksil, ko akwatin raba ƙarfi. Ɗaurin haƙoran kansa ma aikin haƙuri ne. Ana shafa wa haƙora shuɗin fenti, a juya, a duba inda suka ciji juna, a ƙara siririn wasa ko a cire, har tabon ya zauna a tsakiya. Wanda ya yi gaggawa, aksil ɗinsa zai yi ta kuka tun daga Offinso.

Batun giyar hannu kuwa, ba ƙiyayya muke yi wa otomatik ba. Lissafin daji ne. Batir ya mutu a bayan Kintampo, mutum huɗu su tura, ka saki kuloci a giya ta biyu, ka kama hanya. Faifan kuloci ya cinye, kowane gari akwai mai canja shi. Otomatik in ta yi zafi ta ƙone faifanta, sai a ɗauko ta a bayan wata motar.

Yanzu yawancin jif ɗin da ake saukewa a Tema daga Amurka suke, kusan duk otomatik. Har yau wani Alhaji kan zo ya ce a mayar masa da Pathfinder ko 4Runner mai kuloci. Ana yi: feda ta uku, fulawil, farfela mai wani tsawo daban, sannan a lallashi kwamfutar motar da ke neman giyabos ɗin da aka cire. Wannan na ƙarshe yaran da ke yawo da na'urar bincike sun fi mu iyawa nesa ba kusa ba. Inda suke tuntuɓe shi ne aksil, don sau da yawa kamfani yakan ba mai otomatik haƙora daban da na mai giyar hannu, na'urar kuwa ba ta faɗin haka. Kafin a yi maganar kuɗi nakan ce, "Alhaji, ina za ka riƙa zuwa da ita, kuma me za ka ɗora mata?" In ya ce Accra ce da komowa, sai in ce ya bar ta yadda take, ya riƙa canja mata man giya a kan kari.