Libarba Da Adaka A Yammacin Kano

A zamanin da Maraɗawa ke kawo hari yammacin ƙasar Kano, wajen su Gwarzo da Kabo, mayaƙa sun fi amincewa da baka bisa ga adaka. Dalili kuwa, cikin adaka sumul yake, harsashi ya fita ya bi inda ya ga dama.

To, da Turawa suka zo, sai ga hafsoshinsu rataye da libarba irin ta Webley, mai cin harsashi 6, wadda sojan Ingila suka soma riƙewa a 1887. Mukan ji ana zuzuta ta, amma a ganinmu yabon ya wuce kima. Saitinta kafaffe ne, watau tun daga maƙera aka daidaita shi domin abin da ke kusa, ba ya hawa, ba ya sauka. In abokin gaba ya yi nisa, sai mai harbi ya ɗaga bakinta bisa kintace.

Ran 3 ga Fabrairu 1903 da Kanar Morland ya ci Kano, igwa ce ta fasa ƙofa, bindiga mai ruwa da dogayen bindigogi masu saitin da ake gyarawa suka kori mutanen birni. Ita libarba, ba a zaro ta sai barde ya iso gaba da gaba.