Holden, Ɗantala da Tsoron Shiga Sahun Manya

Akwai wani ra'ayi da ya samu gindin zama a tsakanin masu koyar da adabi a kwalejojinmu, kuma wani abokin aikina, malamin adabin Ingilishi, ya fi kowa iya kare shi. Cewa yake tsoron girma da ake gani a The Catcher in the Rye na J. D. Salinger (1951) cuta ce ta ɗan gata wanda cikinsa ya ƙoshi. Yaron Bahaushe, in ji shi, ƙosawa yake ya girma: a yanka masa gayauna, ya sayi babur, a yi masa aure, a daina aikensa. Saboda haka ɗalibin da ya taso a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ba shi da abin da zai tsinta a bakin Holden Caulfield, kuma rashin irin wannan murya a ƙagaggun labaranmu shaida ce cewa babu wannan tsoro a ƙasar Hausa. A ganina an yi wa littafin gurguwar fahimta, an kuma ɗora wa shirun adabinmu kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Ra'ayin yana da tushe. Carol da Richard Ohmann (1976) sun tuhumi manazarta da mayar da damuwar Holden ta kowane matashi a ko'ina, alhali ta fito ne daga rayuwar masu hali a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, James E. Miller ya mayar musu da martani a 1977. Ba na jayayya da su Ohmann kan matsayin yaron. Mahaifinsa lauyan kamfanoni ne, an kore shi daga makarantar kwana mai tsada, Pencey, ya yi ta yawo a New York da kuɗi a aljihu, kuma daga wurin jinya a Kalifoniya yake ba da labarin. Abin da su Ohmann suka nuna shi ne tsoron yana da tarihi da muhalli. Abokina kuwa ya zarce ya ce tsoron mallakar masu kuɗi ne, kuma nan muka rabu.

Mu duba inda littafin kansa ya aje tsoron. Ƙanin Holden, Allie, ya mutu da cutar sankarar jini a 1946 yana ɗan shekara 11, Holden na da 13. A daren ya kwana a garejin gidansu, ya bi tagogi yana fasawa da dunƙulen hannu, har hannun bai ƙara dunƙulewa sosai ba. Lokacin da ƙanwarsa Phoebe ta matsa masa ya faɗi abu guda da yake so a duniya, cikin waɗanda suka faɗo masa a rai akwai James Castle, yaron da 'yan makarantarsu suka tsangwama har ya faɗo ta taga ya mutu, sanye da rigar sanyin da ya ara a wurin Holden. Kowa ya tsaya daga nesa. Malami ɗaya, Antolini, shi ne ya lulluɓe gawar da kwat ɗinsa ya ɗauke ta. Wurin wannan malami Holden ya nemi mafaka a ƙarshe, ya farka cikin dare ya ji yana shafa masa kai, ya fita a guje. Ko me Antolini ya nufa, kuma Holden kansa ya yi shakka daga baya, babba guda da ya amince da shi ya suɓuce masa. A cikin waccan hira da Phoebe ne ya faɗi burinsa na tsayawa a bakin wani gangare yana tare yara kada su faɗa. Aikin manya ke nan yake nema wa kansa. Wanda ke gudun nauyi ba ya roƙon irin wannan aiki. Abin da Holden ke tsoro, gwargwadon fahimtata, shi ne ya wayi gari a sahun waɗanda aka ba amanar yara suka kasa riƙewa.

Abokina ya ce wannan baƙin cikin mutuwa ne, ba tsoron girma ba, kuma maraici ai kowa ya san shi. Amsar tana da ƙarfi, amma ta bar abu guda. Holden bai tsaya ga makokin Allie ba. Kowane babba da ya gamu da shi sai ya auna shi da tambayar ko zai kare yaro. Yana goge kalmar batsa da wani ya rubuta a bangon makarantar Phoebe, yana son gidan tarihi saboda abin da ke cikin gilashi ba ya sauyawa. Mutuwar ce ta koya masa cewa lokaci yana cin yara, manya kuma suna kallo. Ban ga yadda za a raba baƙin cikin da tsoron a nan ba tare da an yanke rabin littafin ba.

In haka ne, talauci ba ya kare yaro daga wannan tsoro. Ga Born on a Tuesday na Elnathan John (Cassava Republic, 2015), wanda ya tsiro daga gajeren labarinsa Bayan Layi da ya kai zagayen ƙarshe na gasar Caine a 2013. Mai ba da labarin, Ɗantala, almajiri ne da ya gama karatu a hannun malaminsa ya koma kwana a gindin kuka tare da yaran da 'yan siyasa ke haya a zaɓen 2003. Jagoransu Banda, wanda ke ba shi kariya, an harbe shi bayan sun ƙona ofishin jam'iyya. Ɗantala ya gudu Sakkwato, ya je ƙauyensu Dogon Icce ya tarar ambaliya ta cinye ƙannensa mata tagwaye, mahaifiyarsa ta daina magana. Sheikh Jamal ya riƙe shi kamar ɗa. A masallacin kuma ga Malam Abdul-Nur, mai dukan ƙaninsa Jibril, wanda daga baya ya ɓalle ya kafa ƙungiyar masu ɗaukar makami. An kashe Sheikh, sojoji suka tsare Ɗantala suka azabtar da shi. Mafi yawan masu sharhi sun karanta littafin a matsayin bayanin yadda tsattsauran ra'ayi ke kama matasa, kuma ba su yi kuskure ba. Amma wanda ya bi muryar yaron zai ga ido ne da ke bin manya ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai zama irinsa ba tare da ya ji kunyar kansa ba.

A nan dole in rage faɗin da'awata. Ɗantala ba ya ƙin girma yadda Holden ke ƙi. Yana koyon Ingilishi a wurin Jibril, yana rubuta sababbin kalmomi a littafinsa, yana son wata yarinya mai suna Aisha, yana karɓar nauyin da Sheikh ke ɗora masa. Wannan ɓangare na abokina ne, na bar masa. Sa'annan littafin da Ingilishi aka rubuta shi, kuma marubucin lauya ne haifaffen Kaduna, saboda haka ba zan kafa shi shaida kan abin da ke zuciyar almajiran Sakkwato ba. Iyakar abin da hujja ta ba ni shi ne cewa an iya ƙaga yaron Arewa matalauci mai fargabar irin mutumin da zai zama, kuma labarin ya tsayu da ƙafarsa. Bambancinsa da Holden shi ne Holden yana da sararin zama ya yi tsoron, ga gado ga likita, Ɗantala kuwa yana cikin gudu yake yin nasa.

Saura hujjar shiru, wadda ita ta fi damuna. Gaskiya ne fitattun ƙagaggun labaranmu na farko ba su ba matashi bakin magana ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934) yana ɗauke da yaron da aka sace, aka raba da uwarsa, aka tsallaka hamada da shi, amma dattijon malami ne ke ba ɗalibansa labarin, bayan haƙuri ya riga ya shafe zafin. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo (1978) ya kalli saurayin da ya bar ƙauye ya lalace a birni da idon mai gargaɗi. Wannan zaɓin marubuta ne da masu ɗab'i, a al'ummar da ke koya wa yaro kunya da cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Yaron da aka hore shi kada ya ɗaga ido a gaban babansa ba zai buɗe baki ya ce yana tsoron ya zama kamarsa ba. Rashin faɗa a irin wannan tarbiyya bai isa a gina hukunci a kansa ba.

Kuma tun da abokina ya kawo ɗaliban yankinmu, sai a tuna abin da suka gani. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun. Tsararrakin waɗannan yara su ne ke zaune a azuzuwanmu yau, kuma sun ga iyaye da malamai da hukuma sun kasa tare su a bakin gangaren. Ba zan ce na san abin da suke ji game da girma ba, domin abin da ya iso gare mu yawanci jawabin gwamna ne da sanarwar 'yan sanda da 'yan jimlolin da aka ba manema labarai a Gusau. Abokina ma bai sani ba, kuma ba daidai ba ne ya yanke musu hukuncin cewa Holden bai shafe su ba tun kafin a ba su littafin a ji abin da za su ce.